Ƙarƙashin Shere

Ranar Asabar ruwa ya ɗauke da hantsi,
na kwashe su uku zuwa gindin Shere:
Mudassir sarkin gardama,
Rumasa'u da ba ta sakin gefen rigata,
sai auta Tasi'u, takalmin dama a ƙafar hagu.

Muka bi shingen kyarana,
muka ratsa gonar acca, raɓa har gwiwa.
Baba Azi na gaba da sanda da tsohuwar tocila.
Ya ce a nan kakanninsa kan ɓoye hatsi da yara
in mahara sun hawo daga kwari.
Bai ce su wa ba ne.
Ni ma ban tambaya ba.

Bakin kogon bai fi ƙofar rumbu ba.
Su a tsaye suka shige,
ni sai da rarrafe, tumbi na gogar dutse.
Hulata ta faɗi, suka tuntsire,
dariyar ta riga mu gangarawa.

Ciki sanyin randar da ta kwana a rufe,
da zarnin kashin jemage.
Ruwa na sauka daga sama, ɗis,
ya yi jinkiri, ɗis,
kamar mai biyan bashin da bai so biya ba.
Mudassir ya ce wa ya bar famfo a buɗe.
Rumasa'u ta shafa bango, ta ce dutse na gumi.
Sama da mu jemagu a jere,
baƙaƙen safa a igiyar shanya.

Baba Azi ya ce a tsaya,
zai kashe fitila mu ga duhu na ainihi.
Ya kashe.

Na san duhun ɗauke wuta a Unguwar Rogo,
wannan ba danginsa ba ne.
Na ɗaga tafi gaban idona,
babu tafin, babu idon.
Ƙananan yatsu suka laluɓo ni ta ko'ina,
amma in za a faɗi gaskiya
ni na fi matse su.

Sai muryar auta, daga wajen gwiwata:
“Baba, nan ne aka kawo Kaka?”

Wata huɗu ke nan.
Ya ga an fita da ita a kafaɗun maza,
ya tambaya, aka ce masa tana ƙasa.
Na buɗe baki,
duk karatun da na sani ya tokare a maƙoshi.
Bai jira ni ba,
ya cika ƙirjinsa ya ƙwala: “Kaka!”
Kogon ya karɓa, ya kai shi can ciki,
ya juya shi, ya maido a hankali:
ka, ka.

“Ta amsa,” in ji shi.

Na ji Mudassir ya ja numfashi,
an koya musu amsa-kuwwa a aji uku,
na san zai gyara masa.
Sai ya haɗiye.
Yau ce rana ta farko da ya bar gardama ta wuce.

Baba Azi ya yi tari, ya kunna.
Bai haska fuskata ba.
Ya kai hasken wani lungu,
yana nuna musu duwatsun murhu uku da baƙin hayaƙi,
ya ja labarin da tsawo
har na gama da hannun rigata.

Da za mu juya Tasi'u ya tona aljihu,
ya fito da rabin alewar madara, duk zare,
ya ɗora a kan dutse.
“Ba ta da haƙori. Sai ta tsotsa.”

Waje haske ya mare mu.
Gwiwoyi jajur da laka,
na san faɗan da ke jirana a gida.
Kafin Lamingo duk sun yi barci,
kai bisa kafaɗa, baki a buɗe.

Na ɗaga gilas, na rage gudu.
Inda ba mai ji,
na ce “Inna,” ƙasa-ƙasa,
na kashe rediyo,
na saurara.